Bashin da Babu Wanda Ya Ci

Ɗana, da fatan ka sauka Kaduna lafiya. Direban da ya kai ka Birnin Gwari ya dawo ya ce a gabansa ka shiga mota kafin azahar, sannan hankalin mahaifiyarka ya ɗan kwanta. Ka san ko da aka yi sulhu da 'yan bindiga aka buɗe kasuwar kara a ƙarshen 2024, har yau duk uwar da ɗanta ya hau hanyar Udawa da Buruku ba ta jin daɗin tuwo sai ta ji muryarsa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne dare ukun nan da ka yi a zaurena kana kokawa da kwamfutarka, kana lallaɓa cajin da ka sayo a shagon mai sola kamar mai riƙon jariri. Ka ce manhaja kake ginawa, wadda za ta lissafa wa 'yan ƙungiyar manoma abin da kowa zai riƙa biya a kan bashinsa. Na ji daɗin wannan niyya har cikin raina. Ni ban iya yaren da kake rubutu da shi ba, wannan Python ɗin da ka ce ma'anarsa mesa. Amma na koyar da lissafi shekaru da yawa, kuma na riƙe littafin bashin ƙungiya har idona ya fara gajiya. To, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Akwai abin da na gani a daren ƙarshe, na yi shiru don kana cikin murna, yanzu kuma na zauna na lissafa shi da hannu.

Bari in fara da masu sauƙi, waɗanda suka fi ba ka haushi.

Daren farko ka rubuta 600,000 da waƙafinta a tsakiya, yadda kowane ɗan makaranta zai rubuta, na'ura ta ƙi karɓa ta watso maka jan rubutu. Da ka wuce nan, ka sa wata alama mai kama da jinkar ɗaki kana nufin a ninka lamba da kanta sau goma sha biyu, ashe a wannan yaren tauraro biyu ake sawa. Dare na biyu kuma ka ba ta kuɗin ruwa 24 a maimakon 0.24, sai ta ce wanda ya ci bashin naira dubu 600 zai riƙa biyan naira 1,200,002 duk wata. Har ƙanwarka da ta kawo mana shayi sai da ta tuntsure da dariya. Ka yi tsaki, ka ce kwamfutar nan ta tsane ka.

Ba ta tsane ka ba. A cikin dajin nan namu, tun daga bayan gari har Kamuku, wanda ya saba shiga ya san gamsheƙa ba ta cika kashe mai hankali ba, don takan fasa kai ta nuna maka kanta, ka ja da baya. Kasa ce abin tsoro, wadda ke kwance cikin busasshen ganye ba motsi ba huci, sai ka taka. Jan rubutun nan gamsheƙa ce. Yana tsayar da kai, yana gaya maka layin da ka yi tuntuɓe, har da lambar layin. Amma na lura ba ka karanta shi. Da ya fito sai ka kwafe shi, ka liƙa wa na'urar nan mai amsa tambaya a wayarka, ta ba ka wani sabon rubutu, ka ɗora a kan na da. Wani lokaci ya yi aiki, ba ka san dalili ba. Wani lokaci ya ƙi, nan ma ba ka san dalili ba. Ban hana ka tambaya ba, matambayi ba ya ɓata. Sai dai ka fara karanta abin da aka ce maka tukuna, musamman layin ƙarshe, inda kai da kanka ka nuna mini nan ake faɗin sunan laifin. In Turancin ne ya yi maka nauyi, ka buɗe ƙamus. Kalmomin ba su da yawa, su ne dai suke ta dawowa.

Kuma ka daina canza abu uku a lokaci guda. Manomin da ya canza iri, ya canza taki, ya canza gona a damina ɗaya, in ya samu albarka bai san wa zai gode wa ba, in ya yi asara bai san wa zai zarga ba. Ka taɓa wuri ɗaya, ka gwada, ka rubuta abin da ya faru a ɗan littafi. Na taɓa karantawa cewa a 1947, a jami'ar Harvard ta Amurka, masu kula da wata ƙatuwar na'urar lissafi sun tarar da ƙwaro na gaske ya maƙale a cikinta, suka ciro shi suka manna a littafin aikinsu, da lokacin da abin ya faru a gefe. Mutane suna ba da labarin don ban dariya. Ni abin da ya burge ni shi ne suna da littafin.

Yanzu ga kasar.

Dare na uku jan rubutu ya ɗauke. Manhaja ta ce bashin naira 600,000, a kan kashi 24 cikin ɗari a shekara, na wata goma sha biyu, za a riƙa biyan naira 56,735.76 duk wata. Wannan daidai ne, na bi shi da hannu na samu haka. Sannan ta jero teburin wata-wata, tsaf, gwanin sha'awa. Ka tashi ka yi sujadar godiya, ban manta ba. Amma a layin ƙarshe, bayan mutum ya biya sau goma sha biyu cif, sai teburin ya nuna saura naira 63,170.88. Ka dube shi ka ce, "Kawu, wannan ƙaramin abu ne, zan sa shi ya riƙa nuna sifili a ƙarshe." Wannan maganar ce ta hana ni barci.

Na kwafe teburin a littafina kafin ka rufe kwamfutar, kuma ga abin da na samu. A watan farko kuɗin ruwa kashi biyu ne cikin ɗari na dubu 600, wato naira 12,000. In ka cire shi daga abin da mutum ya biya, naira 44,735.76 ce ta tafi rage uwar kuɗi, saura 555,264.24. Har nan mun yi daidai da na'urarka. A wata na biyu ya kamata a ɗauki kashi biyun daga wannan ragowar, ya zama 11,105.28. Teburinka ya sake rubuta 12,000. Wata na uku ma 12,000. Haka har ƙarshe. Wato manhajarka tana komawa kan kuɗin farko kullum, kamar mutumin bai taɓa biyan ko sisi ba. Wani wuri a cikin layukan da ke zagayowa kowane wata, ka kira uwar kuɗi a inda ya kamata ka kira ragowa. Kalma ɗaya ce, ina zato. Kai za ka gano ta, ba ni ba.

Ka dubi abin da kalma ɗayar ta haifa. Mutum ya cika alkawari, ya biya duk abin da aka ce ya biya, na'ura kuma ta ce ana bin sa dubu sittin da uku da 'yan kai. Bashi ne da babu wanda ya ci shi. Ba a ba kowa kuɗin ba, ba a sayi ko mudun taki da su ba, amma ga su a rubuce a gaban sunan wani. Kuma babu jan rubutu, babu ƙara, babu komai. Da ka tilasta wa layin ƙarshe ya nuna sifili, da ka rufe ƙurji da riga ne kawai: duk wanda ya zo a wata na bakwai ya ce yana son ya biya ragowar bashinsa gaba ɗaya ya huta, adadin ƙarya za a karanto masa, ya biya, ya yi godiya.

Na san zai biya ya yi godiya, don na taɓa gani, kuma ni ne mai laifin. Wata shekara, ina riƙe da littafin ƙungiyarmu, na juya shafi na ɗauko adadi daga layin wani na sa a layin maƙwabcinsa. Da kaka ta yi na karanta wa dattijon abin da ake bin sa. Ya yi jim, ya ce shi dai a ƙidayarsa bai kai haka ba, amma "Malam, abin da littafi ya ce ai shi ne." Bai iya boko ba, ni kuma ina da tabarau da jan biro. Ya je ya sayar da tunkiyarsa mai ciki ya cike. Sai da shekara ta zagayo, ana binciken littafi, na ga abin da na yi. Na ɗauki kuɗin daga aljihuna na kai masa har gida, ya karɓa, ya ce ya yafe, har ya sa aka kawo mini fura. Amma tunkiyar ta riga ta haihu a gidan wani. Shekaru sun wuce talatin, in na wuce ƙofar gidan nan har yau sai na sunkuyar da kai.

Littafina na takarda ne, kuma mutum ɗaya ya cuta. Abin da kake ginawa, in ya yi kuskure sau ɗaya, zai maimaita shi a kan kowa, da sauri, ba gajiya. Kuma mutanenmu sun fi jin nauyin abin da ya fito a fuskar waya fiye da yadda dattijon nan ya ji nauyin jan birona. "Kwamfuta ce ta faɗa" ta zama kamar rantsuwa.

Kada ka ɗauka wannan rauni ne na ƙauye. A Birtaniya, hukumar gidan waya ta kawo wata manhajar lissafi mai suna Horizon a 1999, wadda kamfanin Fujitsu ya gina, aka raba wa masu riƙe da ƙananan ofisoshin gidan waya a garuruwa da ƙauyuka. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗi a inda babu giɓi. Mutane suka ce ba su ɗauki komai ba, aka ce na'ura ba ta ƙarya. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da sama da mutum 900 a kotu kan sata ko maguɗin lissafi. Wasu sun shiga kurkuku, wasu sun sayar da gidajensu sun biya abin da ba su ci ba, wasu sun mutu da tabon sata a jikin sunansu. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar cewa manhajar na da kurakurai, sai kuma a 2024 majalisa ta yi doka ta wanke waɗanda aka hukunta. Ƙasa mai lauyoyi da jaridu da alƙalai ke nan, ta ɗauki shekara ashirin kafin ta yarda cewa mutum ya fi na'ura gaskiya. Wa zai tsaya wa manomin garinmu Randagi ko na Kakangi shekara ashirin?

Saboda haka ga dokar da nake so ka ɗora wa kanka: kada ka tambayi manhajarka abin da ba ka riga ka san amsarsa ba, sai ta ci jarrabawarka sau da yawa. Haka muke yi wa sabon mudu a kasuwa, a auna shi da tsohon da aka yarda da shi. Ka ɗauki bashi ƙarami wanda za ka iya bi da biro a bayan takarda, na wata biyu ko uku, ka samu amsarka tukuna, sannan ka ba ta. In kun saɓa, ɗayanku ya yi kuskure, kuma ba ka da izinin tashi sai ka san wane ne. Ka riƙa ƙidaya layukan teburin ma da yatsa, don ka ce mini a yaren nan in ka ce a ƙirga daga ɗaya zuwa goma sha biyu, a goma sha ɗaya yake tsayawa. Tsohon tarko ne wannan. Kunya goma sha biyu a gona, kwari goma sha ɗaya ne a tsakaninsu, kuma na ga 'yan ƙwadago sun yi rigima da mai gona a kan haka.

Wani abin mamaki: dubu sittin da ukun nan ba adadi ne na banza ba. Akwai masu ba da bashi da gangan suke lissafi yadda manhajarka ta yi bisa kuskure. Sukan ɗora kashi 24 a kan dukan kuɗin tun farko, ya zama 144,000, a haɗa ya zama 744,000, a raba goma sha biyu, mutum ya riƙa biyan 62,000 duk wata. Ɗaya hanyar kuma, ta bin ragowa, jimillarta 680,829.12. Ka cire wannan daga wancan, za ka ga 63,170.88 ɗinka ta fito ɓaro-ɓaro. Dukansu biyu "kashi 24" suke ce wa mai karɓa. Amma na farkon, in ka auna shi da ma'aunin na biyun, ya kusa kashi 42 a shekara. Da manhajarka za ta ajiye waɗannan biyun gefe da gefe, da Hausa, ta nuna wa mutum jimillar abin da zai fita daga aljihunsa kafin ya dangwala yatsa, da ta yi aikin da ni ban iya yi ba a duk shekarun da na yi ina riƙon littafi.

Sai maganar kwabo. Ka nuna mini abin da ka kira abin al'ajabi: ka ce wa na'ura ta haɗa 0.1 da 0.2, ta ba ka 0.30000000000000004. Ba aljanu ba ne. Ka tuna darasin ƙirgan tushe biyu a ƙaramar sakandare? Yadda sulusi ba ya ƙarewa a ƙirganmu na goma, sai dai 0.333 har ka gaji, haka ɗaya bisa goma ba ya ƙarewa a ƙirgan biyu-biyu da kwamfuta ke yi, dole ta datse shi a wani wuri. Maganin kuwa mun san shi tun kafin a haifi mahaifiyarka. Kafin naira ta zo a ranar 1 ga Janairun 1973, kwabo goma sha biyu ne sule, sule ashirin ne fam, ga taro ga sisi ga ahu a tsakani. Duk akawun da ke son kansa da lafiya, kafin ya fara lissafi mai tsawo sai ya mayar da komai kwabo, fam ɗaya kwabo 240, ya gama aikinsa da lambobi cikakku, sannan ya mayar. Ka yi haka. Ka ajiye kuɗi a matsayin kwabo a cikin manhajar, sai lokacin nunawa ka sa ɗigo.

Amma wa ya ga kwabo a Randagi? Ko naira biyar ta zama tarihi. Babu wanda zai miƙo 56,735.76, za a ce 56,800 ne, a wuce wurin. To, wannan ɗan cikon na naira sittin da huɗu da 'yan kwabbai, sau goma sha biyu ya kai kusan naira 771, in mutum ɗari biyu ne a ƙungiya ya haura naira dubu 154. Aljihun wa za su shiga? Dole manhajar ta riƙe lissafinsu, ta zare su daga biyan ƙarshe. A kasuwar hannun jari ta Bankuba da ke Kanada, sun fara wani ma'auni a kan 1,000 a 1982, na'urarsu kuma tana datse 'yan lambobin ƙarshe a maimakon ta cike su zuwa mafi kusa, sau dubbai a rana. Zuwa Nuwamban 1983 ma'aunin yana nuna 524 da ɗoriya, alhali gaskiyarsa 1,098 da ɗoriya. Rabin abu ya zube ta ƙofar da ba ta kai ƙwayar gero ba.

Akwai gwajin da na roƙe ka ka yi, ka yi, manhaja ta faɗi warwas: na ce ka sa kuɗin ruwa sifili. Ta ce ba a raba abu da sifili, kuma gaskiyarta, don ƙa'idar lissafin da ka kwafo tana da kuɗin ruwa a ƙarƙashin layin rabawa. Ka ce ai ba wanda zai sa sifili. Ɗana, ka manta inda aka haife ka? Yawancin rancen da ke yawo a garin nan sifili ne: wa ya ranta wa ƙane, maƙwabci ya ranta wa maƙwabci, kuɗin adashi, kuɗin asusun masallaci. Ka gina ma'aunin bashi wanda yake aiki a kan riba, yake suma in ya ga rancen da addini ya yaba. Ba laifinka ba ne kai kaɗai, wanda ya rubuta ƙa'idar bai yi tunaninmu ba. Gyaran layi biyu ne: in babu ruwa, a raba kuɗin da yawan watanni. Naira 120,000 a wata goma sha biyu, dubu goma-goma.

Tunda na taɓo wannan, kada ka fahimce ni a karkace. Ban ce ka taimaka wa kowa ya ci riba ko ya ba da ita ba. Hukuncinta a fili yake, kuma ka fi ni kusa da malaman da za ka tambaya a kan matsayin aikinka. Abin da na sani shi ne mutanenmu suna sa hannu a takardun nan ko mun so ko mun ƙi, galibi ba su san abin da ke ciki ba, kuma na ga wanda ya fasa karɓa da aka karanta masa jimilla. Sannan akwai wasu hanyoyin da ya kamata manhajarka ta sani. Tun 2012 bankin Jaiz ya buɗe a Abuja da Kaduna da Kano, ga wasu sun biyo baya, suna yin murabaha: a sayi kayan, a sayar maka da riba sananniya, farashi ya tsaya a ranar ciniki, ba ya ƙaruwa don watanni sun ƙaru. Lissafin wannan daban ne gaba ɗaya. In ka cusa shi cikin ƙa'idar ruwa, amsa za ta fito, ba jan rubutu, kuma ƙarya ce.

Babban kuskuren ma, a ganina, ba a cikin layukan yake ba. Yana cikin kalmar "duk wata". Wannan lissafin ma'aikaci ne mai jiran albashi. Manomin masara yana karɓar bashi a bakin damina don taki da iri da maganin feshi, daga nan ba ya ganin kuɗi sai ya kai buhu kasuwa, wata biyar ko shida a gaba. Shi ya sa kakanninmu suka san ba-da-kaka, da duk cutar da ke cikinta in mai bayarwa ba ya tsoron Allah. Ko shirin Anchor Borrowers da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, a kan kashi 9 cikin ɗari, an tsara shi ne a ba manomi kayan noma, ya biya da amfanin gona bayan girbi. Ka je ka zauna da sakataren ƙungiya da mutum biyar masu bashi kafin ka ƙara rubuta layi ɗaya. Ka tambaye su yaushe suke biya, da me suke biya, kuɗi ko buhu, kuma buhun na wace kasuwa a wane mako. Ka tambayi tsofaffi ma yadda suke faɗin kuɗi. Har yanzu akwai mai ce maka jaka biyar yana nufin naira dubu ɗaya. Da ɗan gari akan ci gari, kai kuwa ɗan gari ne, kada Kaduna ta sa ka zo mana a baƙo.

Ka kuma tambaye su abin da ake yi a shekarar da gona ta gagara. Ka san shekarun da nake nufi. Masara ta nuna a gona, mai ita yana hango ta daga gari ba halin zuwa. Wani ya sayar da shanun huɗarsa ya fanso ɗansa. Manhajar da ba ta da gurbin jinkiri, ba ta da inda za a rubuta cewa ƙungiya ta ɗaga wa wane ƙafa ko ta yafe masa wani kaso, za ta ci gaba da tara masa lamba a kan lamba yana zaman makoki. Kuma ka gina ta yadda za ta yi aiki ba intanet. Ka tuna ƙarshen 2021, da gwamnati ta rufe layukan waya a yankin nan kusan wata biyu saboda tsaro. Bashi bai tafi hutu ba a lokacin.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Tun muna yara ake karanta mana ita, amma sai da na yi kuskuren tunkiyar nan na lura da wani abu a cikinta: wanda ake bi bashin, shi aka ce ya yi shiftar abin da za a rubuta, marubuci kuma ya rubuta da adalci. Ba mai kuɗi ba, ba marubuci ba. Kai yanzu kujerar marubucin nan kake nema, ko ka sani ko ba ka sani ba, kuma alƙalaminka zai yi rubutu a inda ba ka nan. To, ka bar wa mai bashi hanyar da zai bi lissafinsa da kansa. Kowane biya ya samu 'yar takarda ko saƙon waya da Hausa: ga abin da ka kawo, ga abin da ya rage. Teburin ya zama wanda ɗansa ɗan firamare zai iya bi da fensir. In ya ce ƙidayarsa ba ta kai haka ba, a sami inda za a tsaya a duba, kada a ce masa kwamfuta ce ta faɗa.

Kada duk wannan ya sa gwiwarka ta yi sanyi. Dare uku ka yi ka kai inda ka kai, ni kuwa sai da na shekara biyu ina riƙon littafi kafin shafina ya fara daidaita a zama ɗaya. Lissafi kuma ba baƙonmu ba ne. A ƙarni na 18 wani malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, ya rubuta littafi a kan jadawalin lambobi, ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau masana tarihin lissafi suna ambatonsa. In kanka ya ɗau zafi ka rufe na'urar ka kwanta. Sau da yawa adadin da ya ɓace mini da daddare, bayan sallar asuba nakan same shi zaune a tsakiyar shafi.

Na sa maka takarda ta biyu a cikin ambulan ɗin nan. Basussuka uku ne na ciro daga tsohon littafina, na cire sunayen masu su. Na farko rance ne ba ruwa, wanda aka biya a kashi huɗu marasa daidaito. Na biyu na taki ne, aka biya rabi da kuɗi rabi da masara. Na uku mai shi ya biya wata uku, ya tsallake biyu, sannan ya zo ya biya ragowar a zama ɗaya. Amsoshin suna wurina, na ninke su na sa a cikin littafin, ba zan aiko ba sai na ga naka. Ka ba direban motar ranar kasuwa teburin a rubuce, kada ka turo hoto a waya, idona ba ya ganin ƙananan lambobin nan. Mahaifiyarka ta ce ka manta da ƙullin yajinka a kan taga, za ta haɗo da shi in an samu mai zuwa.

Kawunka, daga Randagi.